Ranar da Yankara Ta Ci a Abijan

A Kwatano ta ƙasar Benin aka fara koya mani hankali, kuma wanda ya koya mani Bahaushe ne ɗan'uwana, da hularsa mai kyau da carbi a hannu.

Amma bari in fara faɗin abin da ya fitar da ni, kada a ɗauka yawon buɗe ido na tafi. Sunana Sama'ila, manomin dawa da masara ne ni daga wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Yayana Lawal ya tafi ci-rani shekarun baya. Da farko yana kira, daga baya sai shiru kamar an shuka dusa. Muna nan muna ta jimami, sai wani direban babbar mota mutumin Sabuwa ya rantse ya hango shi a Abijan. Da aka gama girbi Baba ya kira ni zaure ya ce, "Sama'ila, ka tahi ka gano mani shi. In shina raye, in ji muryarshi. In ya mutu, in san wanda nike ma addu'a." Wannan ita ce aikar, kuma sharaɗin shi ne in dawo kafin ruwan shuka, don babu wani hannu a gonar sai nawa.

To, ina tsaye a tashar Kwatano ina zare ido, sai mutumin nan ya yi mani sallama.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

Na ce, "Ƙanƙara."

"Allahu akbar! Ni ɗan Funtuwa ne. Ya mutanen gida? Ya aka ji da daji?"

Wallahi har ƙwalla ta cika mani ido. Ya ce motar Lome ta kusa cika, in kawo jakata ya kama mani wuri, ni kuma in je in yi azahar. Ni da wayona, na ce yau na gamu da mutumin kirki. Na idar da salla na dawo, ba ɗan Funtuwa, ba jaka. Tufafina suna ciki, da ƙullin kuka da daddawa, da hoton Yaya Lawal wanda shi kaɗai ne muke da shi, wanda ya ɗauka wata Salla bisa babur ɗin aro. Allah ya taimake ni guzurina yana ɗinke a ƙugun wando, 'yar wayata rakani-kashi kuma tana aljihu. Na zauna bakin kwata na yi masa Allah ya isa har na gaji, sannan na tashi na nemi motar da kaina.

Daga Lome zuwa Ankara, babban birnin Gana ke nan a bakin Hausawa, wata uwa mai jiki ce ta zauna kusa da ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta lura tun safe ban sa komai a baki ba, sai ta ciro wani dunƙule a naɗe cikin ɓawon masara ta miƙo mani. Dokunu ne, tuwon masara mai tsami. Na gatsa da ɓawon da komai. Matar nan ta yi dariya har tana dukan cinya, ta karɓa ta ɓare mani kamar ɗanta, ta haɗa mani da kifi da barkono. Da sanyin motar ya dame ni, ta yafa mani zanenta. A Ankara kuwa, duk Bahaushen da na ce wa daga Ƙanƙara nake, sai ya ce, "Ai ka iso gida." Tun ina gyara masu har na haƙura.

Abijan gari ne da ba ya jiran kowa. Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, gadoji, da ƙananan motocin haya da yaransu ke leƙowa rabin jiki a waje suna ihu. Na yi ta kwana a barandar wani masallaci a Ajame, unguwar da babbar kasuwa take, har wani mai tsire ya gaji da ganina. Malam Idi sunansa, mutumin Maraɗi, dattijo ne mai baƙin gemu da ya fara furfura, baki gare shi kamar reza amma cikinsa fari tas.

"Kai yaro, kullum nan? Mi kaka nema?"

"Yayana nike nema, Malam. Lawal."

"Lawal wane?"

"Lawal ɗan Ƙanƙara."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka san Lawal nawa ne a garin ga? Zo ka riƙe mani wuƙa tukuna, ka ci abinci."

Haka na zama mai yanka albasa da hura gawayi. Da safe kafin a ɗora nama, sai in bazama tambaya. Na bi masu yankan farce, na bi masu gyaran takalmi, na bi masu shayi da masu gadi. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni na ɓata har ba adadi. Wata rana wani Bazabarme ya ce ya san shi sarai, ya ja ni muka yi ta tafiya cikin rana har unguwar Tireshbil. Ina ta shirya abin da zan ce. Muna zuwa ya nuna mani wani gajeren mutum baƙi wuluk yana fasa ƙanƙara da guduma a bakin firji. "Ga Lawal mai ƙanƙara!" Mutumin Damagaram ne. Da ya ji labarina ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ba ni ruwan sanyi kyauta, na sha na yi godiya na juyo.

Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin raina ya ɓaci matuƙa. Na gaji da acake, wannan turararren garin rogo da suke ci safe da yamma. Ina kewar tuwon dawa, ina kewar matata, ina kewar ko da kukan jakinmu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne kiran Baba. Zai ɗauka da sauri ya ce, "To?" Ni kuma in ce, "Ana dai nema, Baba." Sai ya ce Allah shi sa a dace, muryarsa ta yi ƙasa. Da na ji an ce hadari ya fara haɗuwa wajen Sabuwa, na gaya wa Malam Idi cewa mako mai zuwa zan kama hanya. Bai hana ni ba. Ya ce kawai in taya shi wani aiki ranar Asabar, an ɗauke shi ya gasa nama a wani taro.

Wurin wani tsohon sito ne mai faɗi, an share an ƙawata shi da fitilu. Muka isa bayan la'asar. Na ga kujeru, na ga makaɗa suna ɗaure ganguna, na ga samari da 'yan mata sun ci ado, har da Turawa. Na ce, "Malam, ina angon?"

"Ba biki ba ne."

"Suna?"

"A'a."

"To siyasa ce."

"Kai, rufe mani baki! Masu zane ne da masu fim da makaɗa. Sun ce za su nuna ma mutane Abijan."

Na ce, "A cikin Abijan ɗin? Ba sai su buɗe ƙofa kowa ya leƙa ba?"

Ya yi kamar zai make ni da maficin wuta. Ya zuba nama a faranti ya ce in kai wa mai taron, wata matashiya siririya mai gashi a tsaye, ana ce mata Madam Aya.

Ina shiga na saki baki. A jikin bango ɗaya an jera ƙofofin tsofaffin motocin haya, an yi masu fenti, kowa na buɗewa yana leƙa hoton da ke ciki. A wani gefen an rataya robobin ruwa da buhunan shinkafa da takalman roba, an haɗa su sun zama siffar gada. Ni dai na ce a raina, a garinmu wannan bola ce. Tsakiyar ɗakin kuma an yi wata ƙatuwar shimfiɗa mai launi-launi, tsaf da ita, ko ƙura babu. Mutane sun kewaye ta sun yi cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara. Madam Aya tana can ɗaya gefen, kuma babu hanyar zuwa wurinta sai ta kan shimfiɗar.

To ni ɗan gidan mutunci ne. Ba a haife ni inda ake taka shimfiɗar mutane da takalmi ba. Na tuɓe silifas ɗina na jera su a gefe, na ce bismilla, na ɗora ƙafa.

Sai ɗakin ya ɗauki ƙara! Odar motoci, ihun yaran mota, wata mata na tallar kifi kamar a cikin kunnena. Na yi tsalle na koma gefe, sai ga kukan jirgin ruwa da ƙarar igiyar ruwa. Na ce, "Innalillahi!" Na riƙe farantin nama gam, don ko aljanu ne ba zan zubar da naman Malam Idi ba. Jama'a suka kwashe da dariya suna tafi. Ashe shimfiɗar taswirar garin ce aka zana, aka ɓoye 'yan na'urori a ƙarƙashinta. Duk unguwar da ka taka, sai lasifika ta sako hayaniyar wannan unguwar.

Abin da ya fi ba ni dariya, da na waiga sai na ga kowa ya duƙa yana kwance takalmi. Sun ɗauka dokar wurin ce. Manyan mutane da kwat, mata masu dogon dunduniya, wani Bature da safarsa mai huji, duk suka jera takalma kusa da silifas ɗina kamar ƙofar masallacin Juma'a. Madam Aya ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa. Ta karɓi naman tana dariya, ta ɗaga mani babban yatsa.

Tunda na gane ba aljanu ba ne, sai na ce bari in ɗan zaga garin kyauta. Na taka Ajame, na ji kasuwarmu sak. Na taka wata unguwar masu kuɗi, sai kukan tsuntsaye da haushin kare, na ce Allah ya ba mu. Na gangara can ƙasa inda aka zana bakin teku, na taka wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Sai kukan shanu. Na tsaya, don rabona da jin kukan sa tun gida. Ana jin ƙarar kofato, ana jin masu ciniki. Sai wata murya ta tashi sama da duk sauran:

"Haba Alhaji, tashi mana! Yankara ta ci ta watse!"

Yankara kasuwarmu ce, can ƙasar Faskari, inda muke kai hatsi da dabbobi. Kuma duk duniya mutum ɗaya na sani da ke ce wa bijimi mai gardama Alhaji. Tun muna yara, in san noma ya kwanta a kunya ya ƙi tashi, haka Yaya Lawal ke lallashinsa, wai ya makara, kasuwa ta watse.

Na ɗaga ƙafa na sake takawa. "Haba Alhaji, tashi mana!" Na sake. Na sake. Wata mata tana so ta wuce, na ƙi matsawa. Hawaye na zuba, ina dariya, ina ta taka wuri ɗaya kamar mai kirɓa ƙasar gini. Can na kwasa da gudu ba takalmi na yi waje.

"Malam! Malam Idi! Shina ciki!"

"Wa?"

"Yaya Lawal! Shina cikin tabarma!"

Ya ce, "Yaron ga ya sha wani abu." Amma ya bar wa wani almajirinsa wutar ya biyo ni. Na sa shi ya tuɓe takalmi, na taka masa. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce, "Wannan Fotbuwe ce, wajen kara, inda ake saida shanu. Kuma wannan bakin, ba shakka Bakatsine ne."

Ya je ya yi wa Madam Aya bayani da Faransanci. Ina kallon fuskarta tana canzawa. Ta dafa ƙirji, ta yi magana da sauri. Malam Idi ya juyo ya ce, "Ta ce ita ta ɗauko muryar da kanta. Ta ce ka yi haƙuri a yi magariba, shina cikin fim ɗin da za a nuna."

Ban taɓa yin sallar da hankalina ya rabu biyu irin wannan ba, Allah ya yafe mani. Da aka kashe fitilu aka haska bango, sai ga Abijan tun asuba: mata na turara acake, masu wanki a bakin rafi, 'yan makaranta cikin jirgin ruwa, wani tela barci ya kwashe shi kan keke. Mutane na ganin unguwarsu sai su yi shewa. Ni ban ga kyan komai ba, shanu kawai nake jira. Sai ga su. Ga wani ƙaton bijimi fari ya kwanta a tsakiyar hanya, ga wani mutum da malafa ya duƙa yana yi masa magana a kunne. Ya ɗago. Shi ne, da wushiryarsa, sai dai ya yi ƙiba har da tumbi.

Na miƙe tsaye na ce, "Yaya! Kai Yaya!" kamar zai juyo.

Madam Aya ta sa aka tsayar da fim ɗin a kan fuskarsa. Ta ɗauki abin magana ta ba jama'a labari, tana nuna ni. Sai aka ɓarke da tafi. Wata tsohuwa ta rungume ni, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Malam Idi ya fassara mani cewa ta ce a can kara ba wanda ya san shi da Lawal. Saboda maganar nan da yake yi wa shanu kullum, Yankara suke ce masa. Na yi watanni ina neman sunan da mai shi ya ajiye.

Da aka zo kiɗa, wani saurayi mai na'ura ya ɗauko odar motoci da ihun 'yan talla ya jera su suka zama amo, masu ganguna suka shiga. Sai kawai na ji ya sako muryar yayana a ciki, yana maimaita ta. "Tashi mana! Tashi mana! Yankara! Yankara!" Jama'a suka hau shimfiɗar ba takalmi suna rawa suna amsawa, "Yankara! Yankara!" Mutanen da ko a mafarki ba su san inda Faskari take ba. Na ce ikon Allah, yau kasuwarmu ta ci a Abijan, kuma ba ranarta ba. Ni da ban iya rawa ba, har ni aka ja. Malam Idi yana gefe yana cewa, "Dubi ɗan banza, ya bar mani albasa!" amma shi ma kafaɗarsa na motsi.

Washegari da hantsi muka isa kara. Ban tambayi Lawal ba. Na ce wa wani mai igiya, "Ina Yankara?" Ko ɗagowa bai yi ba ya nuna da baki. Yana can yana ba shanu ruwa. Na tsaya bayansa na ce, "Haba Alhaji, tashi mana."

Bokitin ya faɗi. Ya juyo ya ƙura mani ido.

"Sama'ila? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kai dai aka kusa yi ma sallar gaibu."

Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Muka yi kuka, muka yi dariya, sannan na ture shi, don haushin ya dawo mani sabo. Na ce, "Yaya, mi muka yi maka?"

Ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa. Na ce ƙarya ne, lambar Baba ko cikin barci ya san ta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya. Ashe aure ya yi. Wata Bajula ce, 'yar ƙabilar Jula ta can ƙasar, mai sayar da abinci a bakin kara, Fanta, ita ta yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kusa kai shi. Limamin unguwa ya ɗaura, har sun sami 'ya mace.

"Da wane baki zan gaya ma Baba na yi aure ba saninshi, ba ko goro daga gida? Kullum sai in ce gobe. In ka daɗe ba ka yi sallama ba, Sama'ila, sallamar ma nauyi take yi."

Na ce, "To yau goben ta zo." Na ciro 'yar wayata na danna, na sa ta a fili kowa na ji.

Baba ya ɗauka. "To?"

Na miƙa wa Yaya. Kafin ya buɗe baki, ƙaton mutumin nan ya zube ya durƙusa cikin kashin shanu, ya cire malafa. "Baba, ina kwana."

Sannan Baba ya fara. Ya zage shi tas, ya ce ɗan banza, ya ce mara mutunci, ya ce da yana kusa da sai ya karya sandarsa a gadon bayansa. Yaya na cewa, "Na tuba, Baba." Da maganar aure ta fito, na runtse ido. Sai Baba ya ce, "Musulma ce?" Aka ce masa e. "Tana ba ka abinci?" Na ce, "Baba, in ka ga tumbinshi ba ka tambaya." Sai muka ji tsohon ya fashe da dariya, dariyar da ta ƙare da shessheka. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga uwarku nan."

Yaya Lawal ɗan fari ne, kuma Inna 'yar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko da yana gida. Muka ji an karɓi wayar, muka ji numfashinta.

"Sama'ila."

"Na'am, Inna."

"Wanda ka tarar ɗin, lahiya ka same shi?"

"Lahiya lau, Inna."

"Ita ɗiyar, wa aka sa mata?"

Na dubi Yaya. Ya nuna wayar da yatsa, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Sunanki, Inna."

Can ta ja hanci ta ce, "To. Madalla. Ka ce mashi ya tashi hakanan, na san durƙushe yake."